Zakarun Sambo Maɗori

A unguwar da Sambo Maɗori yake zaune a Kurmin Kogi, an yi kusan shekara ashirin ba wanda ya makara sallar asuba. Baƙi sukan ɗauka tsoron Allah ne, mutanen unguwar kuma ba sa gyara musu. Abin da ke akwai shi ne, a bayan gidan Sambo akwai zakaru sama da hamsin, kuma babu ɗayansu da ya taɓa yarda wani ya yi cara a madadinsa.

Ba kiwo ne ya tara masa su ba, gado ne. Ɗori ya gada wurin mahaifinsa, Malam Lawal, kuma gidan yana da ƙa'ida biyu. Ta farko, ba a karɓar kuɗin ɗori. Ta biyu, duk wanda aka kawo da karaya, danginsa za su zo da kaza, mace ga mace, zakara ga namiji. Maɗori zai karya ƙafar tsuntsun ya ɗaure ta da ɗan kara da tsumma, sannan ya juya kan mai karayar ya yi masa nasa ɗorin. In ya gama sai ya ce, "Kada ka taka ƙasa sai ranar da na aiko maka cewa zakaranka ya taka." Daga ranar tsuntsun ya zama ɗan gida. Ba a yanka shi, ba a sayar da shi, sai dai ya mutu don kansa.

A zamanin Malam Lawal abin bai yi yawa ba. Jaki ya kayar da wani, wani ya faɗo daga giginya, a shekara a samu biyar ko shida. Sambo ya karɓi aikin daidai lokacin da babur ya cika ƙauyuka, samari suka gano cewa ana iya ɗora buhun masara uku da fasinja biyu a kan abin da aka ƙera don mutum ɗaya. Tun daga nan hanyar Ikara zuwa Makarfi ta zama kamar gonarsa ta biyu. Da yake maza ne ke tuƙi, zakaru suka rinjayi kaji.

Kowane zakara da sunan mai shi ake kiransa. In ka wuce ta bayan katangar za ka iya jin matarsa Lantana tana cewa, "Alhaji Muhsin, fita mini daga madafa, mara kunya!" Alhaji Muhsin na gaske kuwa yana can Makarfi yana sayar da rake mota-mota, bai san ana yi ba. Ita ke ba su dusa safe da yamma. Takan ce ta auri mai kaji hamsin, amma rabonta da romon kaza a gidanta tun tana amarya.

Sambo kansa mutum ne mai ƙarancin magana. Yana noman masara, yana da ɗan filin rake a fadama. Ya taɓa zuwa Kaduna sau ɗaya, ya dawo ya ce bai gano abin da ake yi wa sauri ba. Akwai kuma abu ɗaya da ya riƙe a cikinsa shekara talatin, wanda mahaifinsa ya gaya masa ranar da ya damƙa masa aikin. Ƙafar kaza takan warke cikin mako uku, ƙashin mutum kuwa yana son mako shida ko fiye. Shi ya sa tsuntsun yake zama a gidan maɗori, ƙarƙashin kwando, inda mai shi ba zai gan shi ba. Maɗori ne ke duba mutum, in ya ga ƙashi ya kama, sai ya aika a ce zakara ya taka.

"Mutum ba ya jin maganar mutum," in ji Malam Lawal a ranar. "Amma zai kwanta wata biyu saboda kaza. Ka riƙe bakinka, ka riƙe kajinka."

Haka Sambo ya yi, kuma ba a taɓa nuna wani mai ɗingishi a kasuwa an ce aikin Sambo ne ba.

Cikin waɗanda ya ɗora akwai Firdausi, wata yarinya daga Janfalan da ta faɗo daga mangwaro tana 'yar shekara tara. Ta girma, ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ta yi aiki a ɗakin ƙashi a Zariya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan sai wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta zuwa wani asibitin tanti a yammacin ƙasar, kusa da iyakar Chadi. Bayan kakar shekarar da ta biyo baya ta zo hutu, ta biyo ta gaishe shi. Ta durƙusa a bakin zaure, aka gaisa, aka tambayi iyayenta da 'yan uwanta da hanya da gajiya, sannan ya ce ta zauna a tabarma.

"Likita, yaya ƙafar tawa?"

"Baba, ni fa ba likita ba ce, nas ce. Ƙafarka kuma tana nan, har gudu ta yi a can."

"Gudun me?"

Ta yi 'yar dariya. Sai ya tambaye ta aikin, irin tambayar mai sana'a. Ta ce karayar can ba irin ta babur ba ce. Harsashi yakan farfasa ƙashi, bango yakan faɗo wa yaro a cinya, wasu sai sun yi kwana huɗu a kan amalanke kafin su iso. Ta ce simintin da ake naɗa wa karaya ya kusa ƙarewa, bandeji ma wanke shi suke yi su sake amfani da shi. Kwanakin baya da kwali da sanda ta ɗaure ƙwaurin wata mata.

"Kin sa tsumma tsakanin sandar da fata?"

"Na sa, Baba."

"Kin bar yatsu a waje ki riƙa gani?"

"Na bari."

"To, kin yi ɗori."

Ta ce asibitin da kuɗin masu bayarwa yake tafiya, attajirai da gidauniyoyi na ƙasashen waje, kuma bana yawancinsu sun juya wani wajen, don yaƙe-yaƙen sun yi yawa, kowanne da lokacin da ake yayinsa. In ba a samu wani abu ba, ɗakin ƙashi za a fara rufewa. Ba roƙonsa ta zo yi ba. Ta dai gayyace shi taron gidauniya da wasu 'yan ƙungiyar ci gaban gari suka shirya a Ikara, don a gan shi a matsayin uba.

Ya je. An kafa rumfa uku, an jera kujerun roba, an kawo lasifika mai ƙarfin da ya fi taron. Babban mai ƙaddamarwa bai samu zuwa ba, ya aiko wakili. Wakilin ma wani uzuri ya taso masa, ya bugo waya aka kara a lasifika, ya yi alkawari mai nauyi, aka yi kabbara. Wasu manya huɗu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka ce nasu za su bayar a ɓoye, saboda sadakar ɓoye ta fi lada. Sun ɓoye ta sosai, don har yau ba a gano inda take ba. Abin da ya shiga tire daga hannun malaman makaranta da masu shayi da matan da suka kwance bakin zane ya fito, kuma bayan an sallami mai rumfa da mai lasifika, bai fi a riƙe a tafin hannu ɗaya ba.

Sambo ya dawo gida da la'asar, ya tsaya a bayan gida yana kallon zakarunsa suna tsattsaga dusa. Masarar da ke rumbu ta ci ce, raken bai nuna ba. Dukiyar da yake da ita a duniya ita ce wannan da ke yawo gabansa, kuma ba tasa ba ce ta yadda zai taɓa.

"Lantana, in aka kai waɗannan kasuwar Makarfi, za su yi daraja?"

Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali, kamar mai tsoron kada ƙara ta sa ya canja shawara. "Malam, ni ka tambaya? Ni da na yi shekara ashirin ina addu'a?"

Kafin kwana biyu magana ta zaga, kuma Lantana ta rantse ba ita ba ce. Wadda ta fara zuwa ita ce yayarsa Hajo, tsohuwa mai sanda, wadda tun rasuwar mahaifinsu take ganin ita ce mai gadin gidan ko da tana aure a Dandamisa. Ba ta zauna ba.

"Sambo, da gaske ne abin da nake ji?"

"Yaya, a zauna a sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Malam mahaifinmu ya ce a sayar?"

"Bai ce ba."

"To kai wa ya haife ka? Mutanen Sudan ne suka koya maka ɗori?"

"Yaya, ƙashi ne ya karye a can, irin wanda ke karyewa a nan."

"Su nemi nasu maɗorin. Kai in ka taɓa kajin nan, hannunka zai mutu, ka ji na gaya maka."

Hajo ba ta san sirrin kwando ba, don ba a gaya wa 'ya'ya mata. Shi kuwa ya sani, kuma ya san tana da gaskiya ta wata hanyar da ba ta nufa ba.

Washegari sai ga Zayyad, ɗan acaɓa, wanda Sambo ya ɗora wa cinya shekara uku da suka wuce. Ya jingine babur ko kashewa bai yi ba, ya tsuguna yana haki.

"Baba, barka da hantsi. Baba, an ce za ka kai ni kasuwa."

"Kai kuma?"

"Zakarana mana! In mai tsire ya saya ya yanka, ni ina kan babur da fasinja, me zai faru da cinyata?"

Nan Sambo ya ga inda aka sa shi. In ya ce wa Zayyad babu abin da ya haɗa cinyarsa da zakara, zai bar shi ya sayar, amma wanda za a kawo gobe da karaya ba zai kwanta ba. In ya yi shiru, ba mai barinsa ya sayar. Ƙarya dai bai saba ba, ko a wurin ɗori cewa yake yi zakara ya taka, kuma lalle ya taka, sai dai ya riga ya taka da daɗewa.

"Ni dai ranar kasuwa zan kai su Makarfi," ya ce. "Wanda ya riga shi ya saya."

Zayyad ya ce, "Ni ma ina iya saya?"

"Kasuwa ta hana wani?"

Ba a kai ga kasuwar ba. Ana gobe za ta ci, tun da hantsi ƙofar gidan Sambo ta cika da babura. Daga Janfalan, daga Dandamisa, daga Hunƙuyi, mutane suka zo da ƙafafunsu don su fanshi ƙafafunsu. Alhaji Muhsin ya zo da mota, aka kamo masa nasa daga madafa. Sambo ya ce shi ba zai taɓa kuɗi ba, aka ajiye ƙwarya gaban limamin unguwa. Ba a yi ciniki ba, domin ba wanda yake son a ji shi yana taya ƙafarsa da araha. Kowa ya duba ƙafarsa, ya duba idon jama'a, ya sa hannu a aljihu.

Akwai wani dattijo da ya zo neman nasa alhali nasa ya mutu shekara huɗu da suka wuce. Lantana ce ta leƙo daga soro ta ce a kamo masa jan can na gindin rumbu, wanda mai shi ya rasu bara. Aka haɗa zakaran da ba shi da mutum da mutumin da ba shi da zakara, kowa ya samu na riƙewa.

A ranar liman da mahaifin Firdausi suka tura abin da aka tara ta waya, zuwa asusun da ƙungiyar ta ware wa asibitin. Ba a yi jawabi ba, ba a ɗauki hoto ba. Hajo ta daina yi wa ƙaninta magana har ƙaramar salla.

Abin da Sambo ya hango bai daɗe ba ya iso. Kowace shekara da sanyi ciwon kaji yakan bi gari, kuma yakan kashe na gidansa ma, sai dai a bayan katanga, ya binne ba wanda ya ji. Wannan karon zakarun suna gidajen masu su. Zayyad ya yi wa nasa akurki na musamman, yana ba shi gero alhali 'ya'yansa na cin masara. Wata safiya ya tarar da shi a sandare. Ya koma ɗaki ya kwanta, ya miƙe cinya, ya aika a kira mahaifiyarsa, yana jiran abin da zai zo. Ya yi kwana biyu a haka. Rana ta uku abinci ya ƙare a gidan, ya tashi ya buga babur da wannan ƙafar, ya yi aiki har magariba. Da yake shi ba mai ɓoye alheri ba ne, ya ba da labari a tashar babura, kuma ya samu mutum biyar da irin nasa labarin.

Ba wanda ya zo ya tuhumi Sambo. Ana gaishe shi kamar da. Sai dai da rani, lokacin tumatir, aka kawo masa Ikrama, wani magidanci daga Kudan mai lodin kwanduna a mota, wanda ya zamo daga saman kaya ya karya ƙwauri. 'Yan uwansa suka shimfiɗa shi a zaure. Sambo ya duba hannuwansu, babu kaza.

"Baba, a yi haƙuri," in ji wansa. "An ce yanzu ba sai da zakara ba."

Sambo ya naɗe hannun riga. Ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashin, ya shafa man kaɗanya, ya jera kara ya ɗaure. Aikin ya yi kyau kamar kullum. Sannan ya zauna gaban Ikrama ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi masa bayani. Ya ce ƙashi kamar dashe ne, sai ya kama. Ya ce mako shida, ko da ya daina jin zafi, ko da ya ji kamar zai iya tsalle.

"Na ji, Baba. Wallahi na ji."

Kuma ya ji ɗin. Ya kwanta kwana goma sha tara. Amma tumatir ba ya jiran kowa, yana da mata da 'ya'ya huɗu, zafin kuma ya tafi. Ya kwance karan da kansa ya koma bakin mota. Ƙashin ya haɗe, sai dai a karkace.

Cikin wannan watan Firdausi ta aiko da saƙon murya a wayar liman, aka kawo wa Sambo ya saurara. Bayan gaisuwa ta ce kuɗin ya isa, an sayi siminti da bandeji, sun yi aiki da su kwana goma sha ɗaya. Ta ce ba a rufe ɗakin ƙashin ba, amma ba za ta yi masa ƙarya ba, wata gidauniya ce daga waje ta waiwayo su daga baya. Nasa dai ya riƙe su a kwanakin da ba su da komai. Ba ta san sunayen waɗanda aka naɗa wa ba, sun yi yawa, wasu ma an wuce da su Chadi.

Ya ce liman ya danna masa wurin magana. Ya kai wayar bakinsa kamar mai tofi.

"Likita, na ji, Allah ya yi albarka. Tambaya ɗaya. Su mutanen naku, me kuke ce musu su kwanta?"

Amsa ta zo bayan kwana biyu. "Baba, ba ma cewa komai. Siminti ne, ba ya kwantuwa. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, yana nan."

Ya sa aka maimaita masa sau biyu. Tun daga nan, in aka kawo masa saurayi ko magidanci da karayar ƙwauri ko cinya, yakan daidaita, ya ɗaure yadda zai jure hanya, ya ce a wuce da shi asibiti a sa siminti. Wasu suna zuwa, wasu suna zarcewa wurin wani maɗorin. Abin da ya rage masa shi ne targaɗe, da gocewar ƙashi, da tsofaffin da ko ba kaza ba su da inda za su. Hajo ta ce ai ta faɗa, hannunsa ya mutu. Ya ce, "Haka ne, Yaya," don ya fi sauƙi.

Wata ranar kasuwa ya hangi Ikrama a Makarfi yana tafe yana jan ƙafa, da kwando a ka. Ikrama ne ya fara ganinsa, ya sauke kayan, ya rusuna da ƙyar ya gaishe shi, babu ko alamar ƙorafi a fuskarsa. Sambo ya ce ya zauna a kan wani benci. Ya tsuguna a cikin jama'a ya naɗe masa wando, ya bi ƙwaurin da yatsa daga gwiwa zuwa idon sawu, ya tsaya a kan ƙullin.

"Da dare yana damunka?"

"In na yi lodi da yawa, Baba. Laifina ne, ka gaya mini."

"Ban tambaye ka laifi ba. A Zariya suna iya sake karya shi su miƙe, su sa ƙarfe. Ina da rake a fadama, ya nuna. Ni zan kai ka."

"Haba Baba, rakenka?"

"Nawa ne, wannan kam ba wanda zai zo fansa."

Ikrama ya yi dariya, ya yi godiya, ya ce in Allah ya yarda da an gama tumatir. Sambo ya taimaka masa ya ɗora kwandon.

An gama tumatir, aka shiga albasa. Sambo ya sayar da raken, ya ba liman ajiyar kuɗin. Ya je Kudan sau biyu, duka biyun ya tarar Ikrama ya bi mota zuwa kudu. Matarsa ta ce yana dawowa ranar Asabar, Sambo kuma ya riga ya gaya wa Zayyad ya zo ya ɗauke shi da sassafe.